Kafin ka je ɗaukar hoton ƙarƙashin teku (zare)

Tun da na saka hoton nan nawa na ƙarƙashin teku DM ɗina bai huta ba. "Ina ne nan?" "Nawa ka biya?" "Ni ma Disamba zan je, kwana ɗaya ya isa?" Cikin kusan mutum talatin, biyu ne kacal suka tambaye ni ko sai an iya iyo. To ku gyara zama, zaren yana da tsawo, kuma akwai abin da hoton bai nuna muku ba.

Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu, don wanda datarsa za ta ƙare a hanya ya tafi da shi. Abin da zai cuci irinmu a harkar nutso ba kifin shak ba ne. Kunyar buɗe baki a ce "ban iya ba" ce. Na san haka ne don ita ta kusa kai ni asibiti, a ruwan da zurfinsa bai wuce mita 6 ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, karatu nake a Malesiya, aji uku. Da hutu mu uku, duk 'yan gida, muka hau motar dare daga Kuala Lumpur zuwa wani ɗan gari a jihar Terengganu, Kuala Besut. Da safe muka shiga kwalekwale mai inji, tafiyar kamar minti 40, sai ga mu a tsibiran Perhentian. Ma'anar sunan a yarensu wurin yada zango.

Kai mai cewa Disamba, ka sake lissafi. Daga wajen Nuwamba har Fabrairu ruwan sama da iska ne ke mulkin wannan gaɓar, yawancin masaukai da shagunan nutso a rufe suke. Tsakanin Maris da Oktoba ake zuwa.

Abu biyu ake sayarwa a irin waɗannan tsibiran, kuma mutanenmu suna haɗa su. Na farko ɗanɗano ne na rabin yini: a yi maka bayani, a gwada ka a ruwa marar zurfi, malami ya shiga da kai, ba a wuce mita 12, a ɗauke ka hoto. Ba ka fita da shaidar komai.

Na biyu shi ne kwas na gaske, na matakin farko. Kwana uku zuwa huɗu. Akwai karatu da jarrabawa, akwai atisaye kashi biyar a ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a teku. In ka ci, a ba ka katin da zai ba ka damar nutso har mita 18 tare da abokin nutso a ko'ina a duniya. Na PADI na yi, akwai irin su SSI ma, tsarin kusan ɗaya ne.

Ni kwas ɗin na zaɓa. Kada ku ɗauka hankali ne, so nake in saka katin a sitatus 😅

Ranar farko aka miƙo mana takardu. Malamarmu wata 'yar ƙasar ce, 'yar ƙarama, da ɗankwalinta, ba ta kai kafaɗata ba. Ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya, "Ka iya iyo?" Aka zo kaina. Abokaina biyu suna kallona, ga wasu Turawa biyu a gefe. Na ce na iya.

Jama'a, iyona gaba ɗaya bai wuce fantsama a wurin wankan otal ba, ɓangaren da ƙafa ke taɓa ƙasa. Amma ƙato da ni, ga gemu, in ce wa yarinyar nan ban iya ba? A raina na ce ai da tukunyar iska za a shiga, me ya haɗa ni da iyo.

Ashe akwai gwaji. Iyo na mita 200 ba tsayawa, ba a ƙayyade lokaci ba, da kowane salo ka ga dama. Sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Na shiga da ƙarfina kamar abin gaske. Ban kai mita 50 ba na sha ruwan gishiri har sau uku, na kama igiyar jirgi ina tari kamar raina zai fita.

Ba ta yi dariya ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, da ka faɗa min da safe da mun fara daga nan, yanzu ka ɓata rabin yini. Ta ce ƙa'ida ta yarda a yi mita 300 da gilashin fuska da bututun shaƙar iska da takalman agwagwa a madadin wancan. Ta ware ni, ta yini tana koya min kwanciya a kan ruwa kamar jariri. Washegari na ci.

Za ku ce daga nan na ɗau darasi. Ina!

Kafin in kai ku wurin, sai kun gane abu ɗaya, don shi ne ƙashin bayan harkar duka. Mu a nan sama iska tana danne mu da wani nauyi da muka saba da shi har ba ma ji. Kowace mita 10 da ka nutsa, ruwa yana ƙara maka kwatankwacin wannan nauyin. A mita 10 ya zama ninki biyu, a mita 20 ninki uku.

Iska kuma tana matsewa in an danne ta. Ka hura balan-balan ka nutsa da shi mita 10, zai koma rabin girmansa. Yanzu juya lissafin: ka hura shi ya cika a can ƙasa, ka ɗaure bakin, ka taso da shi. Zai nemi ya ninka girmansa, sai ya fashe. Wanda ya yi fiziks a sakandare zai tuna dokar Boyle. Ni na haddace ta don WAEC, ban san wata rana huhuna ne zai zama balan-balan ɗin ba.

Shi ya sa doka ta ɗaya a nutson tukunya ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Ka shaƙa, ka fitar, ba tsayawa. In bututun ya fita daga bakinka, ka riƙa sakin 'yan ƙananan kumfa har ka mayar da shi.

Kuma a nan ne nake ganin mu muna da wata matsala ta daban. Mu ba baƙin nutso ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon wasannin Kabanci a bikin Argungu ya san akwai gwanayen da za su nutse har ka fara salati. Yaran da suka tashi a bakin kogi ko kududdufi ma haka. Amma wannan nutson, ka cika ƙirji a sama ne ka toshe, ka sauka, ka dawo da iskar da ka tafi da ita. Ba abin da zai kumbura fiye da yadda ya tafi.

Da tukunya a bayanka, iskar da kake shaƙa a ƙasa matsattsiya ce. Dabarar da ke tsirar da mai nutson kogi, wato toshe numfashi a yi sama da sauri, ita ce za ta yaga huhun mai tukunya. Duk abin da jikinka ya sani game da ruwa sai ka kwance shi ka sake sabon ɗauri. Ba a yin wannan cikin awa biyu.

To mu koma labarina. Akwai atisayen da ake yi: ka bar ruwa ya cika gilashin fuskarka, ka danne samansa, ka ɗaga kai, ka hura iska ta hanci har ruwan ya fita. Daga baya ma cire gilashin za ka yi gaba ɗaya ka mayar. A ruwa marar zurfi na yi shi da ƙyar. Duk sanda ruwa ya taɓa hancina sai ƙwaƙwalwata ta ce min mutuwa ce ta zo.

Malama ta tambaye ni da hannu ko lafiya. Na yi mata alamar lafiya lau. Da muka fito ta sake tambaya da baki, ko kana so mu maimaita? Sauran duk sun gama suna jirana, ga ni dama ni ne na jawo mana jinkiri tun ranar farko. Na ce a'a, na gane.

Washegari a teku, mun durƙusa a kan yashi a mita 6. Ta nuna ni. Na buɗe gilashin, ruwa ya shigo, na manta na ja da hanci. Abin da ya biyo baya ban yanke shawararsa ba, jikina ne ya yi. Na toshe numfashi, na harba ƙafa, na yi sama.

Ban san lokacin da ta cafke rigata ba. 'Yar matar nan da ba ta kai kafaɗata ba ta riƙe ni kamar an ɗaure ni da turke, ɗaya hannun ta danne bututun a bakina, ta kawo fuskarta daf da tawa tana nuna min in fitar da iska. Na fitar. Na yi tari a cikin bututun, ashe ana iya yi. Muka tsaya a nan har numfashina ya daidaita, sannan muka hau a hankali.

A jirgi ta yi min lissafin. Daga mita 6, iskar da ke ƙirjina za ta ƙaru da fiye da rabi kafin in kai sama. Huhu ba ya jin zafin da zai gargaɗe ka. In ya yage, kumfar iska tana iya shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Kuma muna tsibiri ne, babban asibiti sai an tsallaka teku. Na yi shiru. Ban ci abincin rana ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai, ba ta ce min matsoraci ba. Ta ce firgita kowa yana yi, kuma aikinta ke nan. Abin da ba za ta iya gyarawa ba shi ne ɗalibin da yake ce mata lafiya alhali ba lafiya ba, don ita da alamar hannunka take aiki. Muka koma ruwan da ke kai min ƙirji, na maimaita abin nan ban san adadi ba, har ya zama wasa.

Ku duba yadda aka raine mu, musamman mu maza. Namiji ba ya raki. A aji malami ya ce an gane, kowa ya ce eh. A koya maka mota sau biyu ka ce ka iya, ka hau titi. A ƙasa wannan halin yana wucewa da 'yar asara, ka faɗi jarrabawa ko ka goge mota. A ƙarƙashin ruwa ba wanda zai rufa maka asiri. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Yanzu maganar da ta fi wannan nauyi, ita ce ma ta sa na yi zaren. Cikin takardun ranar farko akwai na lafiya. Tambayoyi ne kan zuciya, huhu, asma, kunne, farfaɗiya, ciwon suga, juna biyu, magungunan da kake sha. In ka amsa eh a wasu, sai likita ya sa hannu kafin a bar ka ka shiga.

Ɗaya daga cikin abokan tafiyata mai sikila ne, SS. Da izininsa nake faɗa. Ya daɗe bai kwanta ba, yana ƙwallo, in bai gaya maka ba ba za ka sani ba. Ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, a'a zan cike duka, kada ka ce komai. Ba su san ciwon nan ba a nan."

Mun yi faɗa sosai a bayan shagon. Ya ce duk rayuwarsa ana ce masa kada ya yi kaza, ya biya kuɗin mota ya zo har nan, ba zai zauna a bakin ruwa yana gadin takalma ba. Na fahimce shi har zuciyata. Kuma ku lura, ni da nake masa wa'azi, minti goma kafin nan na gama ƙaryar na iya iyo.

Amma likitocin nutso ba sa barin mai SS ya shiga, kuma dalilin a fili yake. Duk abin da ke tayar da ciwon yana can: sanyi, don ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba ko da ruwan ɗumi ne, ga bushewar jiki don iskar tukunya busasshiya ce, ga wahala. In ciwon ya tashi a mita 12 ba a iya cillo ka sama da gudu, saboda abin da na yi bayani ɗazu.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya. Malamin nutso a Asiya yana iya shekaru bai haɗu da ko ɗaya ba, ba lallai ya kawo tambayar a ransa ba. Ke nan nauyin faɗa a kanmu yake. Mai AS ma ya tambayi likita kafin ya taso daga gida. Mai asma haka. Wannan takardar ba irin ta rajistar layin waya ba ce da ake dannawa a wuce.

Ƙarshe da kansa ya je ya faɗa wa malama. Ta ce a'a, cikin mutunci, aka mayar masa da kuɗinsa. Kwana ɗaya bai yi min magana ba. Ya koma leƙen ruwa daga sama da rigar kariya da gilashi, kaɗan kaɗan, yana fitowa yana shan ruwa. Kuma don ku ji ikon Allah, shi ya riga mu ganin kunkurun teku. Har yau gori yake min.

Mura ma ba abin rainawa ba ce. Kana fara sauka ruwa zai danne dodon kunnenka. Maganinsa ka toshe hanci ka hura a hankali tun kafin ka ji zafi, kowace mita. In hancinka a toshe yake iskar ba za ta wuce ba. Mai taurin kai ya ce zai daure, ya fasa dodon kunne a kan hoto ɗaya. In ya ƙi, ka ɗan hau sama ka sake gwadawa. In ya ƙi gaba ɗaya, ka haƙura da nutson ranar.

Wani abu da na ga ana ta rubutawa a ƙarƙashin hotona: "tukunyar oksijin". Ba oksijin zalla ba ce, iskar nan ce da muke shaƙa aka matse, kashi 21 oksijin, kusan duk sauran naitirojin. Ana cika ta zuwa wajen 200 a agogon da ke rataye a jikinka, kuma ana so ka dawo sama da saura 50. Da na sauka a tsorace ni na fara zuƙe tawa, kowa na da rabi ni ina neman tashi.

Naitirojin ɗin nan shi ne ɗaya dalilin da ya sa ba a hawa da gaggawa. A ƙasa yana narkewa ya shiga jini da tsoka. In ka hau a hankali zai fita ta numfashi. In ka yi sauri, ka tuna abin da ke faruwa in ka girgiza lemon kwalba ka buɗe. Shi ya sa ake tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito.

Ku riƙe wannan, masu zuwa Zanzibar da Maldibs hutun kwana huɗu: ba a hawa jirgin sama daf da gama nutso. In nutso ɗaya ka yi, aƙalla awa 12. In ka yi da yawa ko kwanaki a jere, aƙalla awa 18. Mutanenmu kuma mun fi so mu bar abu mai daɗi sai ranar ƙarshe, a yi nutso da safe a kama jirgi da yamma. Ka sa shi a farkon hutun.

Na san wani zai ce, to kai duk ka bi ka tsorata mu, ai dubban mutane suna yin na rabin yinin nan kullum suna fitowa lafiya. Gaskiya ne. Ban ce haramun ba ne, kuma in an yi shi bisa ƙa'ida hanya ce mai kyau ta sanin ko abin zai karɓe ka kafin ka zuba kuɗin kwas.

Matsalata da shi ita ce rayuwarka gaba ɗaya tana hannun mutum ɗaya da ka sani awa ɗaya da ta wuce. Ni na yi sa'a tawa tana kusa kuma idonta a kaina yake. Da mu da yawa ne a hannunta, ko tana can tana saita kyamara, wani labarin ake yi. Don haka ka yi tambaya kafin ka biya.

Mutum nawa malami ɗaya zai riƙe? Za a fara gwada mu a inda za mu iya tsayawa da ƙafa, ko daga jirgi za a jefa mu? Akwai oksijin na agajin gaggawa a jirgin? In ba su ba ka takardar lafiya ka cike ba ma, ɗauki jakarka. Mun iya ciniki a Kwari, amma nan ba wurin neman mafi araha ba ne. Ragin da aka yi maka daga wani wuri aka cire shi.

Wani kuma zai ce wannan duk maganar 'yan gata ce, ana fama da kuɗin makaranta. Ban musa ba. Ni ma wata da watanni na yi ina tarawa, indomi ta san ni na san ta. Amma in kuɗinka na abu ɗaya ne, ni dai a ganina ka bar nutso ka koyi iyo. Shi ne wanda zai yi maka amfani a gida.

Ku tuna jirgin Bagwai a 2021, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya. Ku tuna na Kebbi da na Neja da muke ji kusan duk damina. Lodi fiye da ƙima da rashin rigar kariya su ne manyan dalilai, ba na ɗora laifi a kan waɗanda suka tafi, Allah Ya ji ƙansu. Amma ni da na kai aji uku a jami'a ban iya zama a kan ruwa minti ɗaya ba, kuma ban taɓa ganin hakan a matsayin giɓi ba sai da na kama igiyar nan ina tari.

'Yan uwa mata da suka tambaya: eh, ana yi da sutura. Rigar robar tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, akwai hular da ke rufe gashi, malamata ma haka take shiga. Kuna iya neman mace ta koya muku. A ƙaramin tsibirin akwai masallaci a bakin ruwa, abinci kuma ba ka da fargaba.

Kada in bar ku da tsoro kawai, don ba adalci ba ne. Nutso na huɗu, bayan na daina faɗa da ruwan, wani abu ya faru da ban san yadda zan kwatanta shi ba. Na daidaita iskar rigata da dalmar da ke ƙuguna har na tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba na sama ba na ƙasa. In na shaƙa sai in ɗan tashi, in na fitar sai in ɗan sauka. Da numfashi kawai nake tuƙa kaina.

Ba waya, ba hayaniya, ba abin da kake ji sai ƙarar kumfarka da wani ƙas-ƙas da ke fitowa daga cikin murjani. Komai ya fi girmansa a ido, ya kuma matso kusa. Launin ja shi ke fara ɓacewa, 'yan mitoci kaɗan sai ka ga jan abu ya koma ruwan ƙasa. Wani garken kifi ya zo ya rabe biyu ya wuce ni kamar ni dutse ne.

Shak ɗin da kowa ke tambaya, na gan shi. Irin mai baƙin tabo a saman fiffike, bai kai tsawona ba. Yana hango mu ya juya ya ƙara mai. Wanda malamai ke gargaɗi a kansa wani kifi ne mai ƙaton kai da haƙora kamar na akuya, in yana gadin ƙwansa zai biyo ka ya ciji takalminka. Shi muka yi wa kwana.

Roƙo ɗaya: kada ka taɓa murjani, kada ka tsaya a kansa. Dabba ce mai rai, wani reshen shekaru ya yi kafin ya kai tsawon yatsa. Na ga wani ya dafa shi da hannu biyu don hotonsa ya fito daidai. Wanda bai iya tsayawa a ruwa ba dole ya nemi abin dafawa, kun ga nan ma maganar koyo ce ta dawo.

Af, na manta. A ƙarƙashin ruwa ɗaga babban yatsa ba ya nufin komai daidai, yana nufin mu hau sama. Daidai shi ne ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Akwai kuma ta uku, ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa shi, ma'ana akwai matsala, sannan ka nuna inda take, kunne ko gilashi ko ciki. Ita ce alamar da ta fi min wuyar koyo, kuma ba don hannuna ba ya iya yi ba.

Hoton da kuke ta so ɗin nan a nutso na huɗu aka ɗauka. In kun zuƙo shi za ku ga idona ya yi ja, ruwan gishirin atisayen gilashi ne.

Yanzu duk Asabar da ƙarfe bakwai ina wurin iyo na makaranta, a layin da ke kusa da bango, tare da wasu yara 'ya'yan malamai da suke wuce ni suna waige. Makon jiya na yi mita 150 ba takalmi ba gilashi. Mai maganar Disamba, ka je ka fara naka, in ka kai 200 ka yi min magana in faɗa maka tashar da muka hau mota.